Kazar da Adda ta Zo da Ita daga Burkusuma

Na manta abubuwa da yawa a duniyar ga. Na manta rabin surorin da malam ya sha wahalar ɗura mani kafin ya gaji ya ce in koma gona, na manta sunayen mutanen da munka yi dambe da su, har wani lokaci ina shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina abin da ya kawo ni. Amma akwai abu guda da tsufa ya kasa gogewa, kuma na san da shi za ni shiga kabari. Maganar kaza ce. Ku yi dariya, na ba ku izini, an daɗe ana yi mani ita. Ni dai duk ranar da na tuna sai raina ya ɓaci kamar yau abin ya faru.

Shekarun farin nan ne da shanu sunka ƙare. Gero ya tsaya iyakar gwiwa ya bushe bai fid da kai ba, gulbi ya koma yashi, mutanen arewa suna ta wucewa ta Sabon Birni da jakunansu, ba su ma san inda sunka nufa ba. Lokacin muna gandu, ni da babban yayanmu, a gidan da ubanmu ya bari. Ga wanda bai san gandu ba: gona guda, rumbu guda, tukunya guda, kuma baki guda ke magana. Bakin Yaya ke nan. Ni ne auta. Ina da mata, ina da gemu, amma ko tsabar gero ba ni taɓawa sai ya ce.

Cikin wannan hali ne yayarmu mace, wadda muke kira Adda, ta iso daga Burkusuma a ƙasa. Mijinta ya riga ya rasu, awakinta sun mutu ɗaya bayan ɗaya, saniyarta ta kwanta ba ta tashi ba. Ta shigo da ƙunshin tsumma a kai, da kaza a hammata. Wata 'yar fara ce, durgu, irin masu gajerun ƙafafun nan da in suna tafiya kamar gwiwa suke ja. Matar Yaya ta dube ta ta ce, to, ga miyar yau ta kawo kanta. Adda ta ƙara matse kazar a jikinta. Ta ce wannan jikanyar jikanyar kazar da uwarmu ta ba ta ce ranar da anka kai ta ɗakin miji. Daga 'yan tsakin waccan ta sayi akuya, daga awaki ta kai ga saniya.

Ta ce, "Da irinta na hwara, da ita za ni sake hwarawa. Ku bar mani ita ta yi ƙwai."

Ke nan duk abin da ya rage mata a duniya wanda za ta ce nata ne, shi ne wannan durgun.

Kajin gidanmu kuwa suna da sarautarsu, kuma kowa ya san matsayinsa. A sama akwai wata ja, katuwa, ta matar Yaya, wadda na sa wa suna Dogariya saboda jar rigarta da rashin mutuncinta. Ita ke fara ci. Sai 'ya'yanta, sai sauran, har a zo can ƙasa kan wata fige-fige ta matata, wadda kullum take cin abin da anka tattake. Shekarar ƙoshi wannan ba ya damun kowa, don kaza tana fita ta yi tono, ta sami fara, ta sami tsutsa. Amma shekarar nan ƙasa ba ta da komai sai zafi. Dusa ma mutane ke cinta. Abin da kaji ke samu shi ne sharar gindin turmi, a zuba a wani fasasshen kasko ƙofar ɗakin matar Yaya, don nan ake daka. Kasko guda, bakuna barkatai.

Ranar farko da durgu ta miƙa wuya wajen kaskon, Dogariya ba ta ma yi gaggawa ba. Ta ɗaga kai, ta dube ta da ido guda, ta sauke mata baki a tsakiyar kai. Daga nan 'ya'yanta sunka karɓa. Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne fige-figen matata. Ita da ta san zafin abin, ita da ba ta da gashin wuya saboda sara, ita ce ta fi kowa mugunta. Ta sami wadda ke ƙasa da ita, ta bi ta har bayan rumbu tana tsiga. Na ce wa matata kazarta ba ta da tarbiyya, ta ce ai ta ga maigidanta ne.

Kafin a jima kan durgu ya yi jini. Kaza kuwa in ta ga ja a jikin 'yar uwarta, hankalinta fita yake. Ko wadda ba ruwanta sai ta zo ta ɗana. Durgu ta koma zama ƙarƙashin rumbu, ba ci ba sha, tana leƙowa in gida ya yi shiru. Mutanen gida kuma abin dariya sunka mai da shi. In an kora ta tana gudu da gajerun ƙafafunta tana faɗuwa, sai a kwashe da shewa. Adda tana zaune tana tsinka ganyen da za a dafa, sai ta yi murmushi ta ce ba komai, za su saba. Wannan “ba komai” ɗin nata ya fi zagi yi mani ciwo. Don ita ma haka take a gidan. Ita ke zuwa rijiya mai nisa tun sanyin safiya, ita ke shiga daji neman ganye, in an kwashe tuwo kuma ita ke kankarar tukunya. A gidan ubanta.

Na sami Yaya a zaure na ce a riƙa zuba wa kajin nan abinci wuri biyu ko uku, don baƙuwar ta samu. Bai ko ɗaga kai daga igiyar da yake tufka ba. Ya ce haka Allah ya halicci kaji, babba ya ci, ƙarami ya jira, ni ne za ni gyara halitta? Na ce ba halitta za ni gyara ba, kasko za ni ƙara. Ya ce mutane suna mutuwa da yunwa, ni ina shari'ar kaji.

Sai na ɗauki sanda na zama mai gadin kasko. Ku dube ni, ƙato da gemu, tsugune tsakar gida cikin mata ina korar kaza. Muddin ina wurin, durgu tana samun tsaba biyu uku. Da na juya baya sai su rama har da ƙari. Na jefi Dogariya da hoge, na same ta, ta yi kuka kamar an yanka ta, matar Yaya ta fito da muciya. Ban gudu ba, na dai tuna ina da wani aiki a waje.

Daga nan ne wata dabara ta zo mani, irin dabarun da ke zo wa mutumin da bai yi karatu ba amma bai yarda ba shi da ilimi ba. Matanmu suna rina 'yan tsaki don shirwa ta kasa gane su. Na ce to, abin da ya ruɗa shirwa mai ido kamar allura, ai zai ruɗa kaza. In duk sun zama kala guda, wa zai san baƙuwa? Na tafi marina wurin wani abokina, na roƙo guntun ruwan baba, shuɗin rini, da ya kwanta a gindin rami. Na bari mata sun tafi gaisuwar mutuwa, na kama kajin gidan kaf, ɗaya bayan ɗaya, na shafe su tun daga tukku har wutsiya.

Jama'a, na ga yaƙi. Ashe su ma da fuska suke gane juna. Kowace ta dubi ta kusa da ita ta ga baƙuwa. Dogariya ta nufi kasko da taƙamarta, sai 'yar cikinta ta tare ta, sunka sarƙe, gashi yana tashi. Zakara ya tsaya gefe yana kallon matansa kamar mutumin da ya shiga gidan da ba nasa ba. Ana cikin haka durgu ta fito daga ƙarƙashin rumbu, shuɗiya tsaf, ta tsaya bakin kasko ta cika maƙoƙonta ba wanda ya kula ta. Na zauna a ƙasa ina dariya har hawaye. Rabona da dariya irin wannan tun kafin ruwa ya ɗauke.

Mata sunka dawo sunka tarar da kaji shuɗɗa, ba wadda ta san nata. Ba sai an yi bincike ba, hannuwana sun ba da shaida har gwiwar hannu. Na je masallaci, na ɗaga hannu za ni kabbara, na kusa da ni ya kasa riƙe dariya. Yaya ya kira ni ya ce in na sake taɓa abin da ke gidan ga ba da izininsa ba, za mu haɗu. Kuma dabarar ba ta daɗe ba. Kajin sun gama dambensu, kowace ta koma matsayinta, Dogariya a sama, sunka tuna da durgu. Gajerun ƙafafu ba su rinuwa.

Amma na koyi abu a ranar yaƙin nan: ba abin da ke damun kazar Adda sai rashin wurin da za ta ci ba a sare ta ba. Sai na je na tsinto karan dawa na shekarun baya, na kafa wata 'yar danga a kusurwar tsakar gida, jikin ɗakin da Adda ke kwana. Tsayinta bai wuce ƙugu ba, faɗinta bai wuce tabarmar sallah ba. Na yi ta da tazara yadda za su ga juna amma baki ba ya kaiwa, na rufe sama da tsohuwar asabari. Na sa durgu ciki, na shafa wa ciwon kanta baƙin tukunya don jan ya ɓace. Abinci kuwa ban taɓa na kowa ba. Daga tuwona nake rage loma. Sannan na cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara a tsohuwar tukunya, na yayyafa ruwa, na kife ta bakin shuri a bayan gari. In na je da safe sai in tarar gara ta cika ta, in kawo in zazzage mata.

Kazar nan ta tashi. Ciwo ya bushe, gashi ya fara tsirowa, tukkunta da ya yi fari fat ya soma ja. Da farko sauran suna zuwa su yi ta dukan kara, har sunka gaji. Daga baya sai ka ga Dogariya kwance jikin dangar tana wankan ƙasa, durgu tana ciki tana nata, ba mai kula wani. Na ce wa Adda saura kaɗan in buɗe ta, sun saba da fuskarta. Adda takan ɗauke ta ta taɓa bayanta da yatsu, ta ce ƙashin ya fara buɗewa, ƙwai na tafe. Ta fara lissafin wadda za ta roƙa aron zakara mai kyau. Lokacin ne kawai na ga tana magana da ƙarfi a gidan nan.

To, ga inda mutanenmu sunka nuna hali. A wurinmu, in ƙane yana son fita gandu, ba ya faɗi da baki, kunya ba ta bari. Sai dai a wayi gari ya kafa danga a tsakar gida, matarsa ta aza murhu daban. Kowa ya gani ya san an raba. Ban san wanda ya fara kai maganar majalisa ba, kuma gara da ban sani ba. Anka ce auta ya kafa danga. Anka ce har ya fara ware abinci. Wani ya ce yau ta kaza ce, gobe ta mutane, da haka ake farawa, gwaji yake yi ya ga ko babban zai yi magana. Dattawa masu furfura, waɗanda ake kira wajen rabon gado, sunka zauna majalisa sunka auna da baki dangar da ko ɗan akuya zai tsallake, sunka ce raba gida ce. Ba wanda ya taso ya zo ya leƙa ya ga abin da ke ciki. Shi kuma Yaya, da ke kwana gida guda da ni, bai tambaye ni ba. Ya haɗiye, yana jiran rana.

Ranar ta zo da anka ce ana raba jar dawar taimako a garin Isa. Yaya ya tura ni, na bi ayari. Mun sha layi, mun kwana can, na dawo washegari da rana tsaka da abin da na samu a kai. Ina shiga gida na ga kara warwatse. An tuge dangar, an karya, har an fara hura wuta da ita. Adda tana zaune ƙofar ɗakinta da kazar a cinya. Ita ma ba ta nan lokacin da abin ya faru, tana rijiya. Da anka yaye rufin, anka fizge karan, kazar ta firgita ta yi ta gudu tana kuka, wani kara ya yage mata tsohon ciwon. Sauran kajin sunka ga jini, sunka rufe ta da sara. Ba wanda ya tsawata musu. Ido guda ya tafi, kai ya buɗe har ana ganin ƙashi, tana buɗe baki tana rufewa.

Na sauke dawar, na nufi zaure. Ban yi sallama ba.

Na ce, "Yaya, mi kazar ga ta yi maka?"

Ya ce, "Ba a kahwa mani danga cikin gida ina da rai. In rabuwa kake so, ka hwaɗi gaban mutane."

Na ce, "Ɗakin kaza ne. Kai ma ka san ɗakin kaza ne. Kullum ta gabanshi kake wucewa."

Ya ce, "Abin da na sani daban, abin da gari ke hwaɗi daban."

Wannan maganar ce har yau ba ta wuce mani a wuya ba. Ya sani. Bai ruɗe ba, bai yi kuskure ba. Ya san ba gida nake rabawa ba, amma ya zaɓi ya karya don 'yan majalisa su ce har yanzu shi ke da gida. Na faɗa masa maganganun da ƙane ba ya faɗa wa wa, muryata har bakin titi. Ya bar ni na gama, sannan ya tashi ya shiga cikin gida, ya dubi kazar, ya ce a kawo wuƙa kafin ta zama mushe a yi asara biyu. Bai tambayi mai ita ba. Ya miƙo mani wuƙar, na mai da hannuwana baya. Ya yanka da kansa.

Adda ta ce ba wadda za ta fige mata kaza sai ita. Ta zauna ta fige a hankali, gashin nan da sauran shuɗi a jikinsa. Da ta buɗe cikin sai ta tsaya. Ta kira ni da hannu. Ƙwayaye ne a jere, 'yan jajaye, daga manya har ƙanana kamar tsabar gero, na gaba ɗaya har ya fara yin ɓawo. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ka gani, Auta, na ce maka yana tahe."

Anka dafa. Gidan da ya daɗe bai ji ƙanshin nama ba, kowa ya sami fara'a. Sai anka yi rabo yadda anka saba: ƙundu da ƙirji na maigida ne, anka haɗa masa da ƙwayayen nan a akushi anka kai zaure. Cinya ta matarsa. Anka bi da girma har ƙasa. Ni na sami wuya. Mai kaza, wadda ta ɗauko ta a hammata tun daga Burkusuma, anka sa mata ƙafa guda a kan tuwo. Ba mugunta sunka yi niyya ba, wai. Haka ake rabo. Na tura mata kwanona, ta turo mani, ya tsaya tsakaninmu har ya huce, matata ta zo ta ɗauke.

Da safe na tarar ta ɗaure ƙunshinta. Akwai ayarin mutanen arewa da za su yi kudu neman aiki, ta ce za ta bi su. Na ce ta tsaya, za ni nemo mata wata kazar ko ta halin ƙaƙa. Ta girgiza kai.

Ta ce, "Da ina da ita, zama nake yi gidan ga ina jiran abina. Yanzu ci kawai nake yi."

Yaya ya fito ya ce mi ya yi zafi, kan kaza guda? Ta durƙusa ta gaishe shi kamar kullum, ta roƙi gafara, ta ɗauki kayanta. Na raka ta har bayan gari. Ba ta sake zama gidan ubanmu ba. Can kudu ta yi sauran kwanakinta, wurin mutanen da ba su san sunan uwarta ba.

Da ruwa ya dawo munka yi girbi, na tara dattawan nan dai da sunka auna dangar kaza, na faɗi da bakina gabansu cewa na fita gandu. Na ce tunda sun ƙware a gane danga, su zo gobe su ga ta gaske. Yaya ya rasu tuntuni, na yi masa wanka, na yi masa addu'a, ina kuma yi masa har yau. Amma in kuna jira in ce na huce, ku tashi ku tafi, za ku daɗe.

Yanzu ina da kaji, kuma maƙwabta suna ce mani tsoho mai hauka, don ba ni zuba abinci wuri guda. Ina watsa shi nan, in watsa can bayan ɗaki inda babba ba ta hangen ƙarama, ruwa ma haka. Baƙuwa in ta zo, sai ta yi zamanta cikin kara ana kallon juna kafin in sake ta. Wadda ta yi jini, a take nake ɗauke ta. Ban taɓa hana kaji yin babba da ƙarama ba, wannan ba mai hanawa. Abin da na koya shi ne, ba saran Dogariya ya kashe kazar Adda ba. Sara ta sha shi ta rayu. Abin da ya kashe ta shi ne mutum mai hankali da ya ga an yi wa mai rauni 'yar mafaka, ya ɗauka girmansa anka taɓa. In kai ne babba a gida, ka ga na ƙasa ya kafa wani ɗan abu, ka taka ka je ka leƙa cikinsa kafin ka sa ƙafa. Kuma in wani ya ce maka “ba komai” alhali kana ganin jini a kansa, kada ka yarda.